Gayyar da zakaru uku suka watsa

Shekarun baya na kira gayya a gonar gyaɗata da ke wajen Bungudu. Gyaɗa ta nuna, hadari kuma kullum sai ya leƙo, in ba a tuge ta cikin kwana biyu ba tsira za ta yi a ƙasa. Matata tana Tsafe wankan jego, sai girkin 'yan gayya ya faɗo kaina. Ni da son a yaba, na ce dafa kaza har wani aiki ne?

Na yanka zakaru uku, na fige, na zuba su a babbar roba. Wanki kam sun sha shi, har sau bakwai, kai ka ce kare ne ya lashe su. Da na juye naman a tukunya sai na ɗauraye robar sama-sama, na kwaɗa zogale da ƙuli a ciki.

Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Kai, robar ga ba ita ce ta kajin ba?"

Na ce, "Inna, kajin ga sun fi ni tsarki."

Aka ci kwaɗo ana santi, har ana cewa mata su zo su koya.

Washegari rabin mutanen ne suka dawo, kowa riƙe da buta. Mutum zai tuge gindi biyu, ya dafe ciki, ya nufi dawar maƙwabci da sauri. Ni mai gayya na fi kowa sintiri. Kawuna ya fito daga cikin dawar yana gumi ya ce, "Wane, wagga gayya ta gyaɗa ce ko ta taki?" Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Abokina da ke aikin asibiti a Gusau ya bi mu da ruwan gishiri da sukari. Ya ce ƙwayoyin cutar manne suke da fatar ɗanyar kaza, har cikin ramukan gashin, ruwa ba ya kashe su, sai dai ya watsa su. Wuta ta gama da na tukunya, na robar ne muka ci da zogale.

Ruwa ya sauko muna kwance, rabin gyaɗar ta tsira a ƙasa, ta lalace.

Tun daga nan duk abin da ɗanyar kaza ta taɓa sai ya sha sabulu da tafasasshen ruwa, in Inna ta yi tambaya kuma ba na saurin amsawa. Maƙwabcin kuwa dawarsa ta yi kyau a shekarar. Har yau in mun haɗu sai ya ce in sake kiran gayya, shi zai kawo kajin.