Tambayar da Malam Ya Bar Mini

Jiya yayana ya kunna mini saƙo a waya. Muryata ce sak, amma ban taɓa faɗin maganar ba. Sai na tuna marigayi malaminmu na kwaleji a Daura, wanda ya koya mana hasashen inda fasaha ta dosa. Yakan ce mu fara da abin da muke tsoro.

Wata rana na ce na'ura za ta saci muryar mutum. Aji ya fashe da dariya. Shi kuwa ya ajiye alli, ya matso har ina jin ƙamshin kanumfarin da yake taunawa. Ya ce, "To ɗana, a ranar, da me mahaifiyarka za ta gane ka?"

Har yau ina juya tambayar nan a raina. Allah ya haskaka kabarinsa, ya tsare mu daga abin da ya hango.