Ciyawar Kawu da Aka Aske

Ranar Litinin da safe kwamitin rukunin gidajenmu ya turo mutum biyu da inji, suka aske ciyawar bayan tankin ruwa har ƙasa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa wa Kawuna ƙofa ya gaya masa, alhali shekara ashirin da shida ke nan shi ke kula da wurin.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Mai Lauje ake kiransa, don tun yana saurayi aikinsa yankan ciyawa a harabar gidajen nan, kuma ko da ya yi ritaya bai ajiye laujen ba. Shi ba ya yanke wuri gaba ɗaya. Sai ya tsuguna ya riƙa ɗaga ganye yana duba bayansa, ya yanke rabi, ya bar rabi sai bayan wata guda. Mutane suna cewa lalaci ne. Ni ma na faɗa, ba zan ɓoye ba, har ranar da ya ja ni ya nuna mini dalili.

Akwai wani malam-buɗe-littafi mai ruwan ƙasa da ke zaune a ciyawar. Ba shi da ado. In ya sauka ya haɗe fukafukansa, za ka rantse busasshen ganye ne. Da damina kuwa sai ka ga ɗige-ɗige a jikinsa kamar idanu. Rana ba ta dame shi ba, sai ta kusa faɗuwa yake fitowa, yana tashi ƙasa-ƙasa kamar mai tsalle. Fure ma bai cika kula shi ba, ruɓaɓɓiyar ayaba ce abincinsa.

Kawu ya nuna mini ƙwayayensa a bayan ganye, ƙanana kamar kan allura. Ya nuna mini tsutsar da ke fitowa daga ciki, koriya shar, da ƙaho biyu a ka. Ta yi sati uku tana cin ciyawa, sannan ta rataye kanta ta dunƙule cikin wani koren ƙoƙo, ta yi kamar kwana goma shiru. Daga nan sai mai fukafukai.

Matarsa ta sha fama. Ayaba ba ta kwana biyu a gidan sai ta ɓace.

"Tsoho, ina ayabar da na ajiye a kan tebur?"

"Ta yi laushi, na kai wa baƙi."

"Baƙin da ba sa sallama? Shekara talatin ina jira ka kawo mini ko fure ɗaya, ashe tsutsa ce ta fi ni sa'a."

"Ke ai ba ki da ƙaho."

Ranar da aka yi askin, ni na je bayan tankin da faɗa. Kawu kuwa gida ya shiga. Ya ɗauko kwando ya zauna a gaban tulin ciyawar da suka tara, ya tsince ta ganye-ganye. Ya samo ƙoƙo goma sha ɗaya da injin bai fasa ba. Matar nan mai mita ita ta kawo zare da tabarau, ta ɗaura su ɗaya bayan ɗaya a igiyar shanyarta ta baranda, ta koma shanya a taga.

Jiya bayan la'asar na farko ya fito, fukafukansa a yamutse kamar rigar da ba a goge ba. Muka zauna mu uku muna kallo har suka miƙe.

"Wannan da kai ya yi kama," in ji ta, "ga kala, ga nawa."

Kawu ya yi dariya har da share hawaye. Zuwa yau bakwai sun tashi.

To, amma za su nemi inda za su saka ƙwai, kuma a baranda ba a yin ciyawa. Ta bayan tanki ta fara tohowa, na kuwa ji kun sa a dawo da inji ƙarshen wata. Shugaban kwamiti, da kai nake, da sauran da kuke zama tare. Taku goma ne wurin, na auna da ƙafata. Ku cire shi daga aikin inji, ku rubuta hakan a takarda ku manna a allon sanarwa kafin Juma'a, ku bar wa Kawu da laujensa.