Ciyawar Teku da Yakuwar Inna

A shekarar da na kammala jami'a na sami aikin tafinta a tashar jiragen ruwa ta Jidda, lokacin da ake faɗaɗa ta. An haɗa ni da wani injiniya mutumin ƙasar Ailan, dattijo mai jar fuska, wanda zafin garinmu bai taɓa raga masa ba. Idan muka zauna shan shayi bayan azahar, zancensa ɗaya ne: gundumarsu da ke bakin tekun yamma. Ya ce ƙasa ce ta duwatsu da iska, inda katangun dutse marasa siminti suka rarraba tuddai, ga tsofaffin hasumiyoyi na mutanen dā, ga kangayen gidajen da masu su suka bari zamanin wata babbar yunwa, suka shiga jirgi ba su komo ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gonar kakansa. Ya ce ba tarar da ita aka yi ba, yin ta aka yi. A kan falalen dutse aka riƙa shimfiɗa yashi da ciyawar teku, ana ɗauko su cikin kwanduna, shekara da shekaru, har wurin ya zama ƙasa mai ba da dankali.

Na kasa kunne sosai saboda Inna, mahaifiyata. Gidanmu a unguwar Ruwais yake, kusa da teku, kuma ƙasar tsakar gidan gishiri ce, ko ciyawa ba ta tsira. Inna tana da ƙullin gurguzu, wato irin yakuwa, wanda yayarta ta kawo mata daga ƙauyensu na Sudan a hajjin da ta yi kafin rasuwarta. Ɗanyen ganyen miya ba a samunsa a kasuwarmu. Ta ƙi shuka irin don gudun asara, shi kuwa tsufa yake yi.

Na ce mata, "Inna, akwai mutanen da suka yi gona a kan dutse."

Ta ce, "Kai da labaran Baturenka." Ta daɗe tana juya ƙullin a hannu, sannan ta ce, "Rabi zan ba ka, ya waladi, ɗana. Rabi, halas, shi ke nan."

Kowace safiyar Juma'a na riƙa zuwa bakin ruwa da buhu ina kwasar ciyawar da igiyar ruwa ta watso. Masunta suka sami abin dariya. Ɗayansu yakan ɗaga murya ya ce, "Ya ustaz, akuyarka kifi ce?" Na haɗa ciyawar da yashi da kashin awaki a cikin akwatunan katako, muka shuka. Irin ya tsiro, Inna ta yi ta kewaya shi. Bai daɗe ba ganyen ya yi rawaya, ya lanƙwashe, wani farin ɓawo ya bayyana a saman ƙasar. Inna ta mayar da sauran ƙullin cikin adakarta.

Da na ba injiniyan labari, ya dafe kai. Ya ce a wurinsu tara ciyawar ake yi a bar ta a fili, ruwan sama ya wanke gishirin. Ruwa kuwa kusan kullum ake yi, shi ya sa bai taɓa ɗaukar wankin a matsayin aiki ba, balle ya ambata mini.

Na isar wa Inna. Ta yi dariya ta ce, "To, mu ai samanmu a garwa ake kawo ta."

Gaskiyarta, domin ruwan unguwarmu saye ake yi, ba a zubar da shi a banza. Ita ce ta sa na huda gindin wani tsohon duro, muka cika shi da sabuwar ciyawa, ta kafa doka cewa ruwan alwalar kowa da na wankin shinkafa a ciki za a zuba. Haka muka yi har lokacin sanyi ya shigo, aka kuma yi mana ruwan sama sau ɗaya mai ƙarfi. Lokaci lokaci takan ɗan tsakuro ciyawar ta ɗora a harshe, ta girgiza kai. Ranar da ba ta girgiza ba, ta buɗe adaka.

Na ce, "Duka za ki zuba, Inna?"

Ta ce, "In na ƙara ɓoye shi, a tsumma zai mutu. Yalla, maza miƙo akwatin."

Ba duka ya fito ba, amma wanda ya fito ya kai mini ƙirji, da jajayen rassa. Miyar farko ta yi ta da gyaɗa da kifi, ta zuba a kwano ta ce in kai wa mutumin. Ya ɗanɗana, tsamin ya sa ya runtse ido, ya kuma cinye tas. Ita kuwa Inna ta bar 'yan tsirrai suka ƙosa, ta sussuke sabon gurguzu, ta ɗauko tsumman yayarta, ta juye a ciki. Da ƙyar bakinsa ya ƙullu.