Ranar da Na Zama Gawa a Aljirif

Sana'ata ita ce in sayi abin da wani ya gaji da shi, in sayar wa wanda bai gaji ba. Ina da rumfa a Kasuwar Umdurman, tsallaken kogi daga Khartum, ta bayan layin maƙera: tsofaffin fankoki, gadaje, tukwane, akwatuna, wani lokaci har da tufafi. Ba gadonta na yi ba. Iyayena tsinkar auduga suka yi a gonakin Jazira har bayansu ya ranƙwafa, ni kuma na shigo birni ina tura kayan mutane a baro, har na lura mai kayan ya fi mai baron samun barci.

A shekarar da nake magana, kafin yaƙi ya watsa mu, mu biyu muka rage a gida, ni da autata. Mahaifiyarta ta rasu, yayyenta maza suna aiki a ƙasar waje, ita kuma tana shekarar ƙarshe a karatun lauya a Khartum. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwata nake kiranta. Gida ɗaya muke, amma kamar 'yan haya. Ta fita da sassafe, ta dawo dab da magariba, ta ajiye mini abinci a rufe, ta shige ɗaki. In na yi mata Hausa, ta amsa da Larabci, a taƙaice. Ba rashin ladabi ba ne. Babu dai abin da take nema a wurina, kuma na san tana gamawa yayyenta za su ɗauke ta.

Wata rana sai ga ta a rumfata, inda rabonta da zuwa tun tana yarinya. Ta zauna a kan wani akwati ta yi mini bayani. Za su yi shari'ar gwaji a makaranta. Malaminsu ya ƙirƙiri labarin kisan kai, wai an soke wani mai buga bulo a Aljirif, wata unguwa ta bakin kogi. An raba ɗalibai gida biyu, masu ƙara da masu kāriya, ita ce jagorar masu ƙara, kuma a kanta aka ɗora haɗa kayan shaida: wuƙa, jallabiyar mamacin da jini a jiki, da hotunan gawar a inda aka tsince ta. Ta ce ta rasa inda za ta samo su, sai ta tuna da ni.

Na tambaye ta ko ana barin iyaye su shiga kallo. Ta ce ana bari, in ina so. Ban nuna mata komai a fuska ba, mai ciniki ba ya haka. Amma tana tafiya na kai rawanina wurin mai wanki. Ban taɓa ganin ta tsaya gaban mutane tana magana ba, kuma na san in wannan ta wuce ni, ba lallai in samu wata ba.

Wuƙa ba ta yi wuya ba. Na kawo mata irin wadda ake ɗaurawa a damtse, mai kube mai kyau, ta ce ta yi kyau da yawa, mai buga bulo ba ya yawo da wuƙar ango. Na koma na samo wata mai tsatsa da ƙota a fashe, irin wadda ko kyauta ba zan ba mutum ba, ta ce ita ce. Jallabiya kuwa na zaro daga cikin kayana, wadda wuyanta ya cinye.

Jini ne ya ba mu aiki. Na ce a karɓo na rago wurin mahauci, ta ce zai yi wari kafin ranar. Muka gwada karkade, wato zoɓo, da ya bushe sai ya koma shuɗi-shuɗi. Muka gwada lalle, ya yi ja irin na amare. Kullum bayan la'asar muna tsakar gida da tsummoki a shanye kamar masu rini, har muka dace da haɗin lalle, shayi mai kauri da ɗan karkade. A kwanakin nan ne na ji ta yi dariya da Hausa. Ta koya mini cewa ba a taɓa kayan shaida da hannu tsirara, kowanne da ledarsa, a liƙe, kuma dole a san duk hannun da ya bi ta kansa. Na ce mata a sana'armu akasin haka ne, aikina in goge kaya har mai shi ya wuce bai gane shi ba. Ta ce to in yi hankali, wata rana ita za ta gurfanar da ni.

Saura hotuna. Wata Juma'a da safe muka tafi Aljirif, wurin wani mai gasa bulo da na taɓa sayar wa injin ban ruwa. Abokin karatunta da ya yi alkawarin zama gawar bai zo ba, wayarsa a kashe. Rana tana ɗagawa, mai wurin yana son ya sallami ma'aikatansa su yi shirin masallaci. Na karɓi jallabiyar na zura.

Ta nuna mini inda zan kwanta, tsakanin layukan ɗanyen bulo da aka shanya. Ta ce in yi rigingine, in miƙe ƙafafu ta can, in juyar da fuska wajen tulin bulo yadda ba za ta fito a hoto ba. Na dubi rana, na dubi kogi, na ga inda take so in miƙa ƙafafun nan alƙibla ce. Na ce ba zan iya ba. Na juya na kwanta a gefen dama, fuskata tana kallon alƙibla, na haɗe ƙafafu.

“Baba, wanda aka soke ba ya tsayawa neman alƙibla. Faɗuwa yake yi.”

“Wannan mamacin ɗan mutunci ne, Uwata. Ya samu lokaci.”

Masu buga bulo, waɗanda yawancinsu namu ne Hausawa, suka kwashe da dariya. Wani dattijo a cikinsu ya ce ta ƙyale ni, ai gara mutum ya saba tun yanzu. Ta sake gwadawa, ta kama kafaɗata ta mirgina ni, tana sakina jikina ya koma yadda yake. Ba taurin kai ba ne. An ce mini in zama gawa, ni kuma kwanciyar gawa ɗaya na sani, wadda na yi wa mahaifina da hannuna, na kuma yi wa mahaifiyarta. Ta gaji, ta ce to in rufe ido, kada in motsa.

Ƙasar wurin tana da sanyi da ɗanshi, tana warin hayaƙi da kashin shanu. Ina jin takunta tana zagaya ni. Ta durƙusa ta gyara mini hannun riga don tsagar wuƙar ta fito, ta share mini ƙasa a gemu da yatsunta. Rabon da hannunta ya taɓa fuskata tun ranar jana'izar mahaifiyarta. Ina kwance ido rufe, sai na kama kaina ina tunanin ranar da za a yi ta gaske, da wanda zai kasance kusa. 'Ya'yana maza dai waya za a yi musu. Da ta ce in tashi, sai da na ɗan jinkirta.

Ta miƙa kayan ga malamin, aka ba ɗaya ɓangaren kwafin hotuna kamar yadda ƙa'ida ta ce, daga nan ba a canza komai. Ana gobe shari'a na dawo daga kasuwa da rawanina a goge, na tarar da ita tsaye a tsakar gida tana jirana. Da Hausa ta fara, a nan na san ba alheri ba ne. Ta ce fuskata ta fito tar a kowane hoto. Wani daga cikin masu kāriya ya san ni a kasuwa, kuma ta samu labarin sun shirya: ina shiga zauren za su miƙe su roƙi alƙali ya sallami wanda ake tuhuma, tunda ga mamacin nan zaune da rawaninsa. Zauren zai ɗauki dariya, ita kuma duk abin da ta shirya ya rushe, ga malamai suna ba da maki.

“Ka yi haƙuri, Baba. Gawa ba ta zuwa kotu.”

Na ce ai ba komai, dama ina da wanda zai kawo mini kaya gobe. Ta san babu. Na auna abin yadda nake auna kowane ciniki, na ga gaskiyarta. Da a wurinta nake, haka zan yi.

Duk da haka washegari na rufe rumfa na haye gada zuwa makarantarsu. Ban shiga ba. Na zauna wurin wata mai shayi a tsallaken titi, ƙarƙashin bishiya, inda nake hango tagogin zauren. Iyayen wasu suka riƙa wucewa ta gabana da kayan ado. Mai shayin ta tambaye ni ko wani nake jira, na ce 'yata ce take shari'a a ciki. Ta ce Allah ya fid da ita. Ban gyara mata ba. Wani lokaci nakan ji tafi ya taso daga ciki, ban san wa ake yi wa ba.

Bayan azahar suka fito a gungu, ita a tsakiya da baƙar riga a hannu. Wani saurayi ya hango ni, ya nuna ni, suka fashe da dariya, wasu har suna ɗaga mini hannu. Ta tsallako da sauri. Ta ce sun ci, an kama mai laifi, malamin ya yaba kayan shaidar. Na ce ta faɗa mini abin da ta ce a gaban alƙali, tun daga farko. Ta waiwaya ta dubi abokanta da suka riga suka tare raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta ce za su je cin abinci, in ta dawo gida za ta ba ni labari duka.

Ta dawo a gajiye, ta ce sai da safe. Da safe kuma tana sauri. Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta tayar da zancen ba. Har yau ban san yadda muryarta take ba idan tana magana a gaban mutane.