Gyaɗar da Sabo Ya Jiƙa

Buhu biyu na irin gyaɗa suka ruɓe a hannun maƙwabcina Sabo, kuma ni na tsaya masa. Ranar da aka kwance buhunan nan ba ta fita raina ba. Ku da kuke karɓar aiki a wurina yanzu, gara ku ji daga bakina.

Sunana Idi. Yaron mota ne ni a da, hanyar Gaya zuwa Wudil. Mota ta faɗi da mu, aka yanke mini ƙafar hagu. Da na warke, matata Hansatu ta samu aikin shara a wani asibiti cikin Gaya. Ita ke fita da safe, ni ke zama da yara uku. Na koyi dama koko, na koyi goyo. Ban yi boko ba, ba ni da ƙafa, amma ina da hannu.

Wata dattijuwa, Hajiya Tabawa ta Kademi, ita ta fara ba ni ɓarar gyaɗa. Tana sayen gyaɗa da kaka daga manoman Toranke, ta ajiye da ɓawonta, sai bazara ta raba wa matan aure su ɓare, ta sayar wa masu shuka. Ga wanda bai sani ba, gyaɗar iri ba a kai ta inji. Inji yana fasa ƙwaya, yana saɓule jar rigarta, kuma wadda ta rasa riga ba ta tsira da kyau. Da yatsa ake yi, ɗaya bayan ɗaya. Ka ɓare, ka sheƙe a faifai, ka tsince tsamurarru da fasassu. Ana biya a kan kwano, ɓawon kuma naka ne, ka hura wuta. Ruwa ba ya kusantar ta.

Daɗin aikin shi ne ba ya hana ka komai. Tukunya na kan wuta, kana yi. Yaro ya yi kuka, ka ajiye, ka rarrashe shi, ka dawo. Gyaɗa ba ta fushi.

A zaure nake zama, daidai majalisar da ke gindin dalbejiya. Shugaban masu dariya Sabo ne. Ɗan siyasar unguwa ne, ya daɗe yana jiran muƙamin da aka yi masa alkawari. Rigarsa kullum a goge, aljihu kuwa fayau. In ya wuce sai ya ce, "Uwargida, an ɗora sanwa? Ko maigidan bai dawo daga ofis ba?" Majalisa ta kwashe da dariya. Ni sai in ci gaba da ɓarata. Bakin da ke amsa zagi ba ya cika kwano.

Bazarar shekarar da abin ya faru ta yi tsanani, hatsi ya yi tsada. Wata safiya Sabo ya shigo zaure, ya yi sallama cikakkiya, har da tambayar ƙafata. A ranar na koma Malam Idi.

Ya ce, "Malam Idi, wannan ɗan abin da kake yi, ka sa a ba ni mana. In rage zafi kafin takardar muƙamina ta fito."

Na ce, "Aikin mata ne."

Ya ce, "Ai shi ya sa ba zai yi wuya ba."

Maƙwabci ne, 'ya'yansa da nawa kwano ɗaya suke ci. Da Hajiya ta zo, na roƙa masa. Ta dubi hannunsa, ta dubi rigarsa, ta ce, "Idi, wannan tafin hannun gaisawa kawai ya sani. Amma kai na sani. In ka tsaya masa, ga buhu biyu." Na tsaya.

Na gaya masa ƙa'ida a gaban matarsa. Ya ce ya ji. Ashe bai kai la'asar ba babban yatsansa ya yi bororo. Sai ya zauna ya yi tunani irin na manya. Ya zazzage gyaɗar a baho, ya kwara mata ruwa don ɓawo ya yi laushi, ya zuba a turmi ya kirɓa. Matarsa ta ce kada ya yi. Ya ce mata shi da ya iya tara jama'a a rumfar zaɓe, gyaɗa ba za ta gagare shi ba. Ya mayar da ita buhu da danshinta, ya ɗaure baki tam, ya jingine a ɗaki cikin zafin nan. Sannan ya fito majalisa yana shelar cewa abin da gurgu ke yi a mako, shi ya gama a wuni.

Ranar karɓa Hajiya ta zo da mai amalanke. Tun kafin a kwance buhunan wari ya gaishe mu. Rabin gyaɗar ta yi funfuna, baƙa da kore. Ɗaya rabin ta farfashe. 'Yar wadda ta tsallake taɓarya kuma ta fara tsiro a cikin buhu.

Hajiya ta ɗebi hannu guda, ta duba, ta ce, "Malam Sabo, sannu da noma. Har ka shuka mana."

Sabo ya ce, "Hajiya, ai irin ne ba shi da kyau tun asali."

Ba ta sake kallonsa ba. Ni ta juyo wa. Ta ce, "Idi, manoma sun riga sun yi magana a kan irin nan, hadari kuma ya fara haɗuwa. Ko a biya ni, ko ka tattaro mini buhunana duka. Ba na ba da aiki gidan da ba a riƙe amana."

Wannan aikin shi ne cefanen gidana. Albashin Hansatu ba ya kai mu tsakiyar wata. Na ɗauki sandata, na ja sauran ruɓaɓɓiyar gyaɗar, na tsallaka titi na juye ta a kan tabarmar majalisa. Na ce, "Ga aikin mata. Ku raba."

Mai unguwa yana wurin. Ya ji kowa, ya yanke. Sabo ba shi da kuɗi, amma yana da rago da yake kiwo don layya. Ko ya ba da ragon, ko ya zauna a zaurena ya ɓare gyaɗa da hannu, ladan na tafiya wurin Hajiya har asararta ta fita. Sabo ya ce rago ba ya fita gidansa a kan abin da yara ke yi da wasa.

Washegari ya zo da rigarsa a goge. Na ba shi faifai da tabarma, fuskarsa na kallon majalisa. Autata ta tashi da kuka, ina tsakiyar tuƙa tuwo, na ɗora masa ita a cinya. Ta yi masa fitsari. Abokansa suka riƙa zuwa gaisuwa ɗaya-ɗaya, kowa da tambayar ko an ɗora sanwa. Kafin Juma'a yatsunsa sun tsage, kwanon da ya cika ko yarinya 'yar shekara goma ta fi shi. Ranar Asabar da sassafe na ji kukan rago a titi. Sabo ne da kansa yake jan igiya, ya nufi hanyar Kademi. Layyar shekarar nan, a gidana 'ya'yansa suka ci nama, wanda aka ba Hansatu a wurin aiki.

Abin da na koya kaɗan ne. Aikin da ake yi a cikin gida ba ƙarami ba ne, masu yin sa ne ba su da bakin faɗa. Wanda ya ce maka aiki ba wuya, dubi yatsansa.

Sabo har yau yana gindin dalbejiya, takardarsa ba ta fito ba. Ya daina ce mini Uwargida. Ni kuma ina nan zauren. Hajiya ta tsufa, ni ke raba mata buhuna ga matan unguwa, yara sun shiga makaranta. Namiji in ya zo neman aiki ba na korarsa. Kwano ɗaya nake ba shi, ya ɓare a gabana.