Inda Kake Jan Numfashi, Yaya

Ranar Talata, tara ga watan jiya, gab da la'asar, matar yayana ta kira ni a waya. Ko sallama ba ta iya yi ba. Cewa kawai ta yi, "Auta, yayanka fa ya tafi." Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ciwon ƙirjin da ya daɗe yana ɓoye mana ne ya zama ajalinsa.

Yaya, yau da kai zan yi magana, ko da yake na san ba amsa ni za ka yi ba.

Ƙuruciyarka da girmanka duk a gidan buga takardu suka ƙare, cikin ƙugin injin da sai an yi ihu ake jin juna. Shi ya sa in ka dawo gida ba abin da kake nema sai shiru. Ka shige ɗan ɗakin nan na bayan kicin, ka rataya barguna a taga, ka cire wa agogon bango batir, ka kashe firji, sannan ka ɗauko sarewarka ka kunna na'urar ɗaukar sauti. Sau nawa Anti, matarka, ta tarar da nama ya lalace don ka manta ba ka mayar da firjin ba? Ta yi ta faɗa, kai kuwa kana sosa ƙeya kana ba ta haƙuri.

Busarka ba ta rawa ba ce. A hankali take tafiya, mai sa mutum ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna. Ba ka taɓa yin ta a gaban taro ba. Marasa lafiya da masu baƙin ciki kake tura wa. Mai gadin layinku ya zo gaisuwa yana kuka kamar yaro. Ya ce lokacin da shanyewar jiki ta kwantar da mahaifiyarsa, ba ta yarda ta buɗe baki a ba ta abinci sai an sa mata busarka.

Ni ne mai gyara maka abin da ka ɗauka a kwamfuta, kuma a nan muke faɗa. Duk inda ka tsaya ka ja numfashi, sai ka ce, "Auta, yanke wannan. Mutum ya zo neman natsuwa, sai ya ji ƙato yana haki?" In ce ka bari mana, ai shi ne shaidar mutum ne ke busawa. Ina! Kai da taurin kai. Tsayawa kake a kaina har in yanke, sannan ka sa in goge na asalin a kan idonka. A shekarar nan ta ƙarshe wuraren yankan suka yi yawa, har na tambaye ka ko lafiya. Ka dungure min kai, ka ce tsufa ne.

Da 'yan gaisuwa suka watse, Anti ta ja ni gefe. Ta ce, "Busarsa ta cika min waya, amma ba ita nake nema ba. Numfashinsa nake so in ji, Auta. Ko sau ɗaya ne, nemo min."

Wallahi na nema, Yaya. Na birkice kwamfutata, na duba tsohuwar wayarka, na bi duk wanda na san ka taɓa tura wa. Babu. Aikin da ka sa ni na yi shi tsaf, ban bar ko ɗaya ba. Ban taɓa jin haushin iya aikina ba sai a wannan karon.

Jiya da rana na je na gaya mata, kaina a ƙasa. Ta tashi ta kashe firji, ta shige ɗakinka, na bi ta. Bargunan suna nan a rataye, agogon ma ba wanda ya mayar masa da batir. Ta kunna busarka ta ƙarshe, ta zauna a kujerarka. Can sai na ji ta ja numfashi mai tsawo. Busar ta ɗan yi gaba, ta sake ja. Daidai wuraren da na yanke take ja, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ashe duk shekarun nan da muke zaton girki take yi, a bayan ƙofar take tsayawa tana saurarenka.

Allah Ya gafarta maka, Yaya, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da natsuwar da ka raba wa bayinSa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka, da abokan aikinka, da duk wanda busarka ta taɓa rarrasa. Ke kuma Anti, Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya ba ki juriya.

Na baro ta a ɗakin nan, Yaya. Kana busawa, tana ja maka numfashi.