Jinin Ƴan Kabu-kabu a Jikin Yaya Abarshi

Ku da kuka san Yaya Abarshi makanike, kun san ba ya yarda da abu sai ya shinshina shi. Ka kai masa moto, wato babur, gareji, kafin ya ɗauki sifana sai ya buɗe tankin esansi, wato fetur, ya kai hanci. "Wanga esansi an haɗa shi da kananzir!" Fura, goro, sabuwar riga, har jaririn da aka miƙo masa ranar suna, duk sai sun bi ta hancin nan.

Ni Dije, autarsu, na fi kowa shan kunya. Ranar da Mamman ya zo neman aurena, Yaya ya rungume shi kamar mai murna, ya daɗe bai saki ba. Da ya saki sai ya ce, "Yaron kirki ne, amma shina shan taba a ɓoye. Zaɓi guda: ko sigari ko Auta." Har yau in maigidana ya hango mai busa hayaƙi sai ya tsallake titi, wai kada wari ya manne masa.

Amma mutumin da ya tsani taba haka, esansi kuwa masoyinsa ne. Da shi yake wanke hannu, da shi yake wanke ciwo, da baki yake zuƙo shi ta tiyo. Matarsa, Anti Rabi, ta ce, "Malam, in ka sa hannu a tuwo ban san ko a ci ko a zuba wa moto ba." Ya ce, "Shi ya sa ɗiyanki sunka fi na kowa gudu." Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti ta kawo masa safar hannu. Ya juya ta, ya ce, "Ni amarya ce?" Da ita ya riƙa sauke butar shayi daga wuta.

Sai ga Yaya ya fara zama yana haki bayan ya tada moto guda. Zazzaɓi ya zo, aka sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ya tafi ya dawo. Dasashinsa na jini, jikinsa duk tabo kamar wanda aka daka, idonsa ya yi fari fat. Mu je asibiti? "Gajiya ce!" Da muka rasa dabara, maƙwabciyar nan ta kira shi a waya ta ce motonta ya mutu a ƙofar asibiti. Ya taho da jakar sifanu, muka tare shi mu uku. Yana miƙa hannu ana ɗibar jini yana tambaya, "To ina moton?"

Daga Tawa aka tura mu Yamai, aka ƙara gwaji har da na ɓargo. Lokotoron, wata likita mai haƙuri, ta zaunar da mu ta ce sankarar jini ce. Ta ce a cikin ɓargon ƙashi ake yin jini. Nasa ɓargon ya rikice, yana ta zubo fararen ƙwayoyi ɗanyu marasa aiki, sun cika wuri sun hana masu amfani fitowa. Shi ya kawo kasalar, da zazzaɓin, da zubar jinin.

"Mi ya kawo shi?" in ji Yaya. "Ni ko taba ban taɓa sha ba."

Ta ce taba na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin, haka yawan shekaru, da wasu magungunan feshin gona, da wani sinadari da ke cikin esansi in an daɗe ana shaƙa ko yana taɓa fata. "Ƙanwarka ta ce kana shansa ta tiyo."

"Subhanallahi! Ba sha nika yi ba, ɗanɗanawa ce!"

Ta yi dariya, ta ce ba za ta rantse cewa shi ne sanadi ba. Wasu na aikin har tsufa lafiya lau, wasu kuma ciwon ya same su ba a san dalili ba, har yara ƙanana. Sai na ga fuskar Yaya ta canza. Ya ce a hankali, "Ɗiyana fa? Kwano guda muke ci." Ta ce ba a ɗauka, ko a kwano ko a tabarma, kuma da wuya ya bi gado. Ya sauke numfashi, ya ce, "To, sauran mai sauƙi ne."

Wayyo, da muka dawo gida bayan zagayen magani na farko, taurin kan nan sai ya sauya alƙibla! Ya sa aka kai masa kujera gareji, ya yayyanka tiyon zuƙa da almakashi, ya sayo famfon hannu da sabulu. Duk makaniken da ya tsoma hannu a esansi sai ya ji sanda a gadon baya. Wata rana muka je Bambeye gaisuwa, ya tarar da ɗan kawunmu Nomau yana feshin wake ba riga, yana dama maganin da hannu. Yaya ya fizge tankin feshin ya zauna a kansa daram.

"Abarshi, tashi, rana na yi!"

"Tahi ka sa riga da takalmi, ka rufe hanci. In ba haka ba nan zan kwana, ka gaya wa tsutsa ta jira."

Nomau ya dawo a naɗe kamar Buzu zai ƙetare hamadar Azawak.

Jini kuwa sai an riƙa ƙara masa. Ƴan kabu-kabun da ya yi shekaru yana yi wa gyara da faɗa suka jeru a asibitin Tawa don ba da jini, moto kamar ranar kasuwa. Kowace ledar jini aka rataya sai ya tambayi ta wane ce. Aka ce ba a faɗa. Ya ce ai shi ya sani. "Wagga ta Sani ce, sarkin ganganci a titi. Tun da anka sa mini ita nike jin in bi ta hannun da ba nawa ba." Wata rana ya tashi da yunwa ya cinye kwanon Anti Rabi, ya ce laifin jinin Ɗan Bala ne.

Ciwon ya lafa, ya dawo, ya lafa, sannan ya dawo da ƙarfinsa. A kwanciyarsa ta ƙarshe akwai wata yarinya daga Affala a ɗakin da ke kusa, mai irin ciwonsa, danginta na nesa. Ya kira ni da ido, na sunkuya. Ya ce, "Auta, ki gaya wa yaran nan kada su daina zuwa ba da jini don na tahi. Ga wadda ta fi ni buƙata."

Na gaya musu ranar sadakar uku. Har yanzu suna zuwa, Sani ne ke tattaro su.

Allah Ya jiƙan Yaya Abarshi, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, Ya haskaka makwancinsa. Masu fama da wannan ciwo, Allah Ya ba su lafiya. Amin.